Tsatsa da wutar lantarki: aikin Ashok Gadgil da matsalar ruwan sha a Tamale

A unguwar Sakasaka da ke cikin birnin Tamale, a arewacin Ghana, famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, musamman idan rani ya tsananta tsakanin Janairu da Afrilu. Sai ka ga mata da yara da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, waɗanda mutanen Ghana ke kira galan ɗin Kufuor, sun yi layi a bayan tanka ko a ƙofar gidan mai tankin ajiya. Mai hali ya sayi fiya wata, marar hali ya nufi rijiya ko tafki. Abin da ke cikin ruwan da aka samo ta wannan hanya kuwa, ba kowa ya san shi ba.

Haka lamarin yake a zanguna da dama na Afirka ta Yamma. Tambayar da ke gaban masana ita ce yadda za a tsabtace ruwa a wurin da bututun gwamnati bai kai ba, babu kuma kuɗin sayo magunguna daga waje kowane wata. Cikin waɗanda suka ƙarar da shekarunsu kan wannan tambaya akwai Farfesa Ashok Gadgil, haifaffen Indiya da ke Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, wanda shugaban Amurka Joe Biden ya ba lambar yabo ta ƙasa kan fasaha da ƙirƙira a watan Oktoban 2023. Manyan ayyukansa a Indiya da Sudan aka yi su, amma sun taɓo Ghana ta hanyoyi biyu, kuma tarihin aikin nasa yana nuna abin da wutar lantarki za ta iya yi wa ruwan Tamale da abin da ba za ta iya ba.

Daga Bombay zuwa Berkeley

An haifi Gadgil a Bombay, wato Mumbai ta yanzu, a 1950. Fiziks ya karanta, da farko a Jami'ar Bombay, sannan a cibiyar fasaha ta IIT da ke Kanpur, kafin ya tafi Berkeley inda ya kammala digirin digirgir a 1979. A wancan lokaci makamashi ne ya dame shi: yadda zafi ke yawo a cikin ɗakin da rana ke ɗumamawa, da yadda ƙasa matalauciya za ta rage ɓarnar wuta maimakon ta ci bashi ta gina sabuwar tasha. Ya koma Indiya ya yi aiki na wasu shekaru a cibiyar binciken makamashi ta Tata, daga baya ya dawo babban ɗakin bincike na Lawrence Berkeley. Yana cikin waɗanda suka matsa wa kamfanonin wuta lamba su taimaka wa talakawa su sayi ƙwan fitila mai cin wuta kaɗan.

Kwalara ce ta karkato shi zuwa ruwa. A ƙarshen 1992 wani sabon nau'inta ya ɓulla a Indiya, ya bazu zuwa Bangaladash, ya kashe dubban mutane cikin 1993. Gadgil ya ƙera wata na'ura da ya kira UV Waterworks, mai kashe ƙwayoyin cuta da hasken UV. Sanin cewa wannan haske yana kashe ƙwayoyin cuta ba sabon abu ba ne. Dabarar da ya kawo ita ce rataye fitilar a saman ruwa maimakon tsoma ta ciki, don kada ƙazanta ta dafe gilashin, ruwan kuma ya gangara da kansa ba tare da injin turawa ba. Da wutar da ba ta wuce wat 60 ba, na'urar na tsabtace kusan lita 15 a minti ɗaya. Kamfanin WaterHealth International ne ya karɓi lasisinta, ya buɗe rumfunan sayar da ruwa a Indiya, daga baya a Ghana da Najeriya da Laberiya. Wannan ita ce hanya ta farko da aikinsa ya shigo yankinmu.

A 2005 ya je sansanonin 'yan gudun hijira na Darfur, inda mata ke yin tafiyar sa'o'i neman itace, ana far musu a hanya. Shi da ɗalibansa suka ƙera murhun ƙarfe mai cin kusan rabin itacen da murhun duwatsu uku ke ci. Sai da suka gyara shi don ya dace da tukunya mai zagayayyen gindi, da iskar sahara, da ƙarfin tuƙin asida, wanda duk matar da ta taɓa tuƙa tuwo ta san ba ƙaramin girgiza tukunya yake yi ba. An raba dubun-dubatar irin wannan murhu.

Inda lantarki da sinadari suka haɗu

Aikin da ya fi ɗaukar masa lokaci yana cikin wani fanni da Faransanci ke kira électrochimie, wato ilimin yadda wutar lantarki ke sauya sinadarai da yadda sinadarai ke haifar da wuta. Kowa na amfani da shi ko bai san sunansa ba. Batirin babur da na waya da na sola duka a kansa suke: sinadarai na sauyawa a ciki, wuta ta fito. Idan aka juya lamarin, aka tura wuta cikin ruwa ta faranti biyu na ƙarfe, sai sinadaran su sauya. Ta haka ake raba ruwa a sami iskar haidurojin da ake ta maganar za ta maye gurbin man fetur, ta haka kuma ake yi wa 'yan kunne da sarƙa ruwan zinariya.

Masanin Italiya Alessandro Volta ne ya haɗa batir na farko a 1800. Sunansa ba shi da alaƙa da kogin Volta da Tamale ke sha. Na kogin daga harshen Fotugal ya fito, ma'anarsa lanƙwasa. Bayansa, a farkon shekarun 1830, Michael Faraday na Ingila ya gano ƙa'idar da aikin Gadgil ya dogara a kai: yawan ƙarfen da zai narke daidai yake da yawan wutar da aka tura. Ampiya ɗaya na tsawon awa ɗaya yana narkar da ƙarfe giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Amfanin wannan shi ne mai kula da na'ura ba ya bukatar sikeli ko cokalin awo. Ya daidaita wuta, ya duba agogo, ya san adadin maganin da ya shiga ruwa.

Gubar da ba ta da launi

Daga shekarun 1970 an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse a Bangaladash da jihar Bengal ta Yamma a Indiya, don a raba mutane da ruwan tafki mai kawo gudawa. Mutuwar yara ta ragu ƙwarai. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin ƙasar wurin na ɗauke da asenik, guba marar launi, marar wari, marar ɗanɗano. An fara gano cutar a Bengal ta Yamma a 1983, aka tabbatar da ita a rijiyoyin Bangaladash a 1993. Wanda ya shekara yana shan ruwan, sai tafin hannunsa da na ƙafarsa su yi kanta, fata ta yi dabbare-dabbare, daga baya ciwon daji na fata ko huhu ko mafitsara ya biyo baya. Wani rahoto da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2000 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 ne ke cikin haɗari a Bangaladash kaɗai. Iyakar da hukumar ta sa ita ce maikurogiram 10 a lita ɗaya. Rijiyoyi da yawa sun ninka hakan sau ashirin, wasu sau hamsin.

Tafasa ruwa ba ya cire asenik, kulorin ba ya cire shi, hasken UV ma haka. Abin da aka daɗe da sani shi ne tsatsa na kama shi. An kai matatai iri-iri ƙauyukan Bengal, masu ɗauke da garin sinadarin da ake sayowa daga kamfani, amma binciken da aka yi bayan 'yan shekaru ya nuna mafi yawansu sun daina aiki. Garin ya ƙoshi da guba ba a canza shi ba, ko famfo ya karye babu mai gyara, ko kuma ƙungiyar da ta kawo ta tattara ta tafi.

Tun wajen 2005 Gadgil da abokan aikinsa, musamman Susan Amrose, suka fara tunanin a riƙa ƙera tsatsar a cikin ruwan, nan take. Suka kira tsarin ECAR. Ana jera farantan ƙarfe na yau da kullum, irin wanda maƙera da masu walda ke saye a kasuwa, a cikin tankin ruwa, a haɗa su da wuta mai ƙaramin ƙarfi wadda ba ta kama mutum. Farantin da ke ɓangare ɗaya sai ya riƙa narkewa sannu a hankali. Narkakken ƙarfen ya haɗu da iskar oksijin da ke cikin ruwa, ya zama tsatsa mai laushi kamar gari, ruwan ya koma ja. A daidai wannan lokaci wani abu na biyu ke faruwa, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Asenik iri biyu ne a ruwan ƙasa, ɗaya mai wuyar kamawa, ɗaya mai sauƙi. Yayin da ƙarfe ke zama tsatsa, yana sakin wasu sinadarai masu gajeren rai da ke mayar da mai wuyar ya zama mai sauƙi. Sabuwar tsatsar ta rungume shi, a ɗan zuba alimun, wanda wasu ke kira alif, garin ya dunƙule ya kwanta a ƙasa, a tace na sama.

Ita kanta dabarar narkar da ƙarfe da lantarki don tsabtace ruwa tsohuwa ce. An gwada ta kan ruwan masai a Ingila tun 1889. Abin da ƙungiyar Berkeley ta yi shi ne auna komai dalla-dalla. Sun gano cewa saurin tura wuta yana da muhimmanci kamar yawanta: idan aka yi gaggawa, oksijin ya ƙare, tsatsar da za ta fito ba ta kama guba sosai. Sun gano fosfet da silika da ke cikin ruwan Bengal na gasa da asenik wajen neman gurbi a jikin tsatsa, don haka gwajin da aka yi da tsabtataccen ruwan ɗakin bincike yaudara ne. Farantan kuma sukan yi ɓawo su daina narkewa, shi ya sa ake juya ɓangaren wuta lokaci-lokaci, ana kuma kankare su da burushin ƙarfe.

Shekara goma kafin makarantar Dhapdhapi

Daga kofin gwaji aka koma tanki mai lita 100, sannan mai lita 600, ana gwadawa da ruwan rijiyoyin Bangaladash da Kambodiya da Indiya. Sai a 2016 cikakkiyar tasha mai iya tace lita 10,000 a rana ta fara aiki a harabar makarantar sakandaren Dhapdhapi, kudu da birnin Kolkata. Ruwan da ke shiga na ɗauke da asenik wajen maikurogiram 250 a lita, wanda ke fita kuma yana ƙasa da 10. A ƙarshen layin akwai fitilar UV, don haka tsohon aikinsa da sabon suka haɗu a rumfa ɗaya. A lokacin ɗalibai da malamai na sha kyauta, mutanen gari na saye a kan farashin da bai kai senti ɗaya na dalar Amurka ba a lita.

Yawancin waɗannan shekaru goma ba a kan sinadarai aka ɓata su ba. Wace hukuma za ta ba da izini? Wa zai amince ya sha ruwan da ya gani da idonsa ya yi ja kafin ya washe? Ina za a kai laka mai gubar da ta kwanta a gindin tanki, wadda idan aka zubar a bayan gida za ta koma cikin ƙasa? A nan ne Farfesa Joyashree Roy, masaniyar tattalin arziki wadda a lokacin take Jami'ar Jadavpur, ta shigo da tawagarta. Suka zauna da hukumar makaranta da iyaye, aka horar da 'yan garin su gudanar da tashar, aka gwada cakuɗa lakar cikin kankare don gubar ta ɗaure, aka ba wani kamfanin Indiya lasisi don a sami mai ribar da zai ci gaba da kula bayan masu bincike sun tafi. Ana kuma kai samfurin ruwan ɗakin gwaji mai zaman kansa a kai a kai. Daga baya ɗaliban Gadgil suka kai wani sabon salo na tsarin garin Allensworth na Kalifoniya, inda talakawan Amurka su ma ke fama da asenik a rijiyoyinsu.

Ruwan Tamale da nasa ciwon

Mai karatu a Tamale zai iya cewa to a kawo mana. Ba a nan gizo ke saƙar ba, domin asenik ba shi ne babban ciwon ruwan Tamale ba. Inda aka tabbatar da shi a yankinmu shi ne wuraren da ke da duwatsun zinariya, kamar Obuasi a kudancin Ghana da kewayen Ouahigouya a arewacin Burkina Faso, inda aka sami rijiyoyin da suka haura maikurogiram 1,000 a lita har aka rufe wasu. Can ne tsarin farantan ƙarfe zai yi aiki kai tsaye.

Tamale kuwa matsalarta ta farko ƙaranci ne. Birnin na zaune kan dutse mai laka-laka da ba ya riƙe ruwa sosai, don haka sau da yawa a haƙa burtsatse a tashi a tutar babu. Ruwan famfo daga Farin Volta ake janyo shi a Nawuni, a tace a Dalun, a turo ta bututu tafiyar kilomita talatin da wani abu. An faɗaɗa tashar a 2008, amma gari ya ci gaba da girma har ya fi ƙarfinta, ga masu haƙar yashi a bakin kogi suna dama ruwan. A 2020 aka yi bikin aza harsashin sabuwar tasha da za ta ɗebo ruwa daga Yapei, kuma mazauna birnin sun daɗe suna jiran ganin ta a ƙasa. Dattawa ba su manta abin da yankewar ruwa ta taɓa jawowa ba: a 2007 kurkunu ta ɓarke a Savelugu, arewa da Tamale, bayan mutane sun koma shan ruwan dam. An ga mai cutar na ƙarshe a Ghana a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita a 2015.

Ruwan dam da tafki na arewa yana da laka mai laushi da ba ta kwanciya ko an ajiye shi kwana biyu. Wannan laka ce ke karya lagon hasken UV, domin ƙwayoyin cuta na fakewa a bayanta, ita ce kuma ke shanye kulorin. Dole a kwantar da ita tukuna. Ƙungiyar Saha Global, wadda ta fara aiki a ƙauyukan kewayen Tamale a 2008, tana koya wa mata su dama curin alimun a cikin duro, su bar shi ya kwana, su juye na sama cikin tanki, su sa kulorin, su sayar da araha. Pure Home Water, wadda Susan Murcott ta jami'ar MIT ta kafa a Tamale a 2005, ta bi hanyar tukunyar yumɓu mai tacewa, da masana'anta a Taha. Murcott ɗin ma ta yi aiki kan asenik a Nepal, da matata mai cike da ƙusoshi masu tsatsa. Dabara ɗaya ce da ta Gadgil, sai dai babu wuta, don haka babu yadda za a daidaita yawan tsatsar.

A nan lantarki na iya shiga ta ƙofa biyu. Farantan ƙarfe ko na alminiyam suna kwantar da laka kamar yadda alimun ke yi, kuma binciken da aka yi a ɗakin Gadgil ya nuna tsatsar na kwashe kaso mai yawa na ƙwayoyin cuta tare da ita. Amma gaskiyar magana, matuƙar alimun na samuwa a kasuwar Aboabo da araha, da wuya faranti da batir su kayar da duro da muciya a ƙaramin ƙauye. Ƙofa ta biyu ta fi kusa da hannu, wato ƙera kulorin daga gishiri. Idan aka narkar da giram 25 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa aka tura wuta, ana samun ruwan kulorin, irin wanda a Nijar aka fi sani da javel. Na'urar WATA ta gidauniyar Antenna da ke Geneva haka take aiki, kuma lita ɗaya ta abin da take fitarwa na isar wajen lita 4,000 na ruwan sha. An yi amfani da ita a Gini da Mali da Burkina Faso. Ga ƙaramin asibiti da kulorin ke yanke masa, ko makarantar allo mai ɗaruruwan almajirai, wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai ruwan kulorin ɗin ba ya jure ajiya, gara a yi amfani da shi da wuri.

Haƙora masu tsatsa, ƙafafu masu lanƙwasa

Gubar da ta yi kama da ta Bengal a arewacin Ghana ita ce fuloraid. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Idan ya wuce miligiram 1.5 a lita, haƙoran yara su fara yin ja-ja, idan ya yi yawa sosai ƙashi ya sandare ko ya lanƙwashe. A gundumar Bongo, kusa da Bolgatanga, an rufe rijiyoyin burtsatse da dama bayan an kashe kuɗi an haƙa su. Wani bincike da masanin Ghana Abdulai Salifu da abokan aikinsa suka buga a 2012 ya nuna kusan kashi 23 cikin ɗari na samfuran ruwan ƙasa da suka duba a Yankin Arewa sun haura iyaka, mafi muni ya kai miligiram 11.6. Matsalar ta fi tsanani a gundumomin gabas da arewa maso gabashin Tamale.

Mutanen Maraɗi sun san ƙarshen wannan labari. A Tibiri, garin Gobirawa da ke dab da Maraɗi, an shayar da jama'a ruwan wata rijiya mai zurfi tun daga tsakiyar shekarun 1980 har kusan shekara goma sha biyar, ruwan da fuloraid ɗinsa ya ninka iyaka fiye da sau uku. Dubban yara suka kamu, ɗaruruwa suka tashi da ƙafafu a lanƙwashe. Ruwan garau yake, babu wanda zai zarge shi da ido. Gwajin da bai taka kara ya karya ba a farashi, da an yi shi an kuma yi aiki da sakamakonsa, da ya hana.

Tsatsar ƙarfe ba ta kama fuloraid yadda take kama asenik. Alminiyam ne ke kama shi. Idan aka sauya farantan zuwa na alminiyam, tsarin na aiki. Masana a Aljeriya sun gwada shi da ruwan sahara tun 1998, cibiyar NEERI ta Indiya kuma ta kafa irin waɗannan tashoshi masu aiki da hasken rana. Haɗarinsa shi ne ragowar alminiyam a cikin ruwan sha idan ba a kula da tsamin ruwan ba. Akwai kuma gawayin ƙashi, da ake amfani da shi a Kenya da Habasha da Senegal, amma wasu al'ummomi na ƙyamar sa saboda ba su san ƙashin wace dabba ba ne.

Da ɗakin Gadgil ya zo kan fuloraid, sai ya ajiye lantarki gefe. Ɗalibarsa Katya Cherukumilli ta ɗauki ɗanyen boksit, jan dutsen da ake narkar da alminiyam daga gare shi, ta niƙa shi gari ta gwada. Cikin samfuran da ta buga sakamakonsu a 2017 akwai na Gini da Amurka da Indiya da na Ghana, kuma na Ghana na cikin waɗanda suka yi aiki da kyau. Na Indiya ya fi sauran rauni saboda farar ƙasar da ke cikinsa, sai da aka gasa shi ko aka ɗan ƙara wa ruwan tsami sannan ya inganta. Wannan ita ce hanya ta biyu da aikinsa ya taɓo Ghana, ƙasar da ke haƙar boksit a Awaso tana fitar da shi waje ɗanye. Mutumin da ya yi suna da farantan lantarki bai nace sai an yi amfani da su a ko'ina ba. Gubar da ke cikin ruwan da abin da kasuwar kusa ke sayarwa su ne suka zaɓi magani.

Batun wuta

Duk wani tsari mai aiki da lantarki sai ya fuskanci ɗaukewar wuta, abin da Ghana ke kira dumsor, wanda Nijar ma ta ɗanɗana sosai bayan Najeriya ta yanke mata layi a 2023. A nan fannin na da sa'a guda. Wutar da farantin sola ke bayarwa mai tafiya ce ta ɓangare ɗaya, kuma ita ce ainihin irin wadda tankin ECAR da na'urar kulorin ke bukata, ba sai an sayi inbata ba. Ana iya tace ruwa da rana a ajiye a tanki, tankin ya zama shi ne ma'ajiya maimakon batir, wanda shi ne abin da ya fi tsada kuma ya fi saurin mutuwa a zafin arewa. Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na Nijar tun 1969, yana ƙera tukwanen dafa ruwa da injinan da rana ke tafiyarwa.

Masu iya ɗaukar irin wannan aiki suna kusa. Jami'ar UDS, wadda aka kafa a Tamale a 1992, tana da cibiyar nazarin ruwa da noman rani ta WACWISA a Nyankpala. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tamale, akwai cibiyar 2iE a Ouagadougou, akwai sassan kimiyyar sinadarai a Zariya da Kano da Yamai. Kayan gwajin farko ba su wuce farantan ƙarfe, na'urar daidaita wuta, bokiti da agogo ba. Abin da ke da tsada shi ne awo, domin ba a gane asenik ko fuloraid sai da na'ura da sinadaran gwaji, kuma awo ɗaya ba ya isa, ruwan rijiya na iya sauyawa tsakanin damina da rani.

Ga masallaci ko makaranta ko ƙungiyar zango da ke shirin tara kuɗi ta haƙa burtsatse, a Sakasaka ne ko a Yendi ko a Tibiri, kuɗin gwajin ruwa ya kamata ya shiga lissafi tun kafin a kira mai injin haƙa. A Ghana ana iya tuntuɓar Hukumar Ruwa da Tsabtar Al'umma ta CWSA ko Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, wadda ke da ofishi a Tamale. A nemi a auna ƙwayoyin cuta, da fuloraid, da gishiri, sannan asenik idan wurin na kusa da inda ake haƙar zinariya, a kuma maimaita awon bayan damina ta farko.